Babur ɗin Honda da ya kama wuta a Silverstone

A bazarar 1979 ina cikin ɗaliban da gwamnatin Najeriya ta tura Ingila koyon aikin injiniya. Ranar Lahadi 12 ga Agusta wani malaminmu Bature, wanda tseren babur ya shiga jininsa, ya kwashe mu a motarsa zuwa filin Silverstone. Jama'a duk Barry Sheene suka zo gani, ɗan ƙasarsu mai hawan Suzuki, da abokin karawarsa Kenny Roberts na Amurka a kan Yamaha. Malaminmu kuwa Honda ce ta kawo shi.

Tun ƙarshen 1967 rabon kamfanin da gasar tseren babur ta duniya, sai ga shi ya dawo da sabon babur mai suna NR500. A lokacin duk masu cin tsere inji mai bugu biyu suke hawa, irin mai ƙona baƙin mai tare da fetur yana tsuwa yana hayaƙi. Honda ta kafe a kan mai bugu huɗu. Matsalar ita ce mai bugu biyu yana ba da ƙarfi a kowane juyi, mai bugu huɗu sai ya juya sau biyu. In zai kamo, dole ya riƙa juyawa da saurin hauka, wannan kuwa yana son silinda ƙanana masu yawa. Doka ta ce huɗu, ba ƙari.

Mun tsaya kusa da kwanar farko, wadda ake kira Copse. A zamanin tura babur ake yi da gudu kafin ya tashi. Honda biyun can baya suke, Mick Grant a kan ɗaya, Takazumi Katayama a kan ɗaya. Da ayarin ya taso, cikin tsuwar sauran muna jin wata murya mai kauri, daban take. Ba mu gama saurarenta ba Grant ya zame a kwanar, babur ya yi gefe yana jan ƙasa, wuta ta tashi. Shi dai ya miƙe. Daga baya aka ce baƙin man da babur ɗin ya zubar ne ya jiƙa tayar baya. Katayama ya ɗan zagaya kaɗan shi ma ya fita. Abokina ɗan Zariya ya dafa ni ya ce, "Malam, wannan ce Hondar da muke yabo a gida?" Roberts ya ci Sheene da tazarar da ido bai iya rabewa, fili ya ɗauki ihu, malaminmu ko tafi bai yi ba.

Sai da hotunan cikin injin suka fito a mujallu na gane abin da ya tafi da hankalinsa. Fistin ɗin ba zagayayye ba ne, dogo ne mai lanƙwasassun baki kamar gwangwanin kifi. Kowane ɗaya yana da kwanrod biyu, fulogi biyu, bawul takwas, wato bawul 32 a inji guda. Injiniyoyin, ƙarƙashin Shoichiro Irimajiri, silinda takwas suka ƙera suka haɗe su bibbiyu, mai duba doka ya ƙirga ya samu huɗu. A ganina wayon ya kai wayo, amma duk bakaniken da ya taɓa sa ringi ya san inda gizo ke saƙa. Zagayayyen ringi yana matse bangon silinda daidai ta ko'ina. Mai miƙaƙƙen gefe kuwa tsakiyarsa ba ta da abin da zai tura ta, iska ta sulale, mai ya haura. Ga kwanrod biyu da dole su tafi tare, in ɗaya ya ɗan karkace fistin ya murɗe.

Ba a inji kaɗai suka yi kasada ba. Babur ɗin ba shi da firam na bututu, siririn ɓawon alminiyum da ya rufe shi ne ke ɗauke da nauyin, lagireto kuma a gefe da gefe. Kyau a takarda, azaba ga bakanike: kafin hannu ya kai ga kafireto sai an zare inji daga cikin ɓawon. Ba a daɗe ba suka watsar da shi.

Bayan Silverstone, a Faransa, a Le Mans, Honda biyun ko gurbin shiga tseren ba su samu ba. A 1981 NR500 ya ci tseren kilomita 200 na Suzuka a Japan, Freddie Spencer kuma ya kai shi na biyar a Silverstone kafin inji ya mutu. Daga nan Honda ta haƙura ta ƙera NS500 mai bugu biyu, shi Spencer ya hau ya zama zakaran duniya a 1983. Dogon fistin sai a 1992 ya fito kan titi, cikin NR750, wanda kusan guda 300 kawai aka ƙera.