Inda Kika Duba, Can Babur Zai Kai Ki

 Yau ina so in ba ku labarin wuyar da na sha wajen koyon hawan babur, ko Allah ya sa wata ta amfana, kada ta faɗa ramin da na faɗa.

Ba sha'awa ce ta kai ni ba, tilas ce. Makarantar da nake koyarwa tana wani ƙauye, mil bakwai daga garinmu. Da fari mota nake shiga. To, tun ran 29 ga watan Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, sai kuɗin mota ya shiga cinye mini sulusin albashi. Motar ma ba ta tashi sai ta cika. Kafin in isa, darasin fari ya wuce, yara suna zaune ba malama. Sau biyu hedimasta yana yi mini magana, na san ta uku ba da baki za ta zo ba.

Yayana yana da wani tsohon babur, sai na roƙe shi ya koya mini. Inna ta riƙe baki, ta ce, "Ke 'yar nan, mace bisa babur? Me mutane za su ce?" Yaya ya ce, "Inna, ai a Maraɗi da Damagaram mata na hawa zuwa kasuwa da ofis, ba mai ko waiwayensu." Da ƙyar ta yarda.

Muka tafi filin Idi da la'asar. Nan na gane abin da nake gani kamar wasa aiki ne na gaɓa huɗu. Hannun hagu na riƙe da kuloci, hannun dama na murza totur, shi ne kuma mai birkin gaba. Ƙafar hagu na sa giya, ta dama na taka birkin baya. Kowace da aikinta, kuma dole su yi shi tare. Ran nan sau goma sha ɗaya injin yana mutuwa a hannuna, don ina sakin kuloci gaba ɗaya. Yaya ya ce, "Malama, yaya kike zuba gari a talge? Kife kwaryar kike yi?" Na ce, "A'a, Yaya, kaɗan kaɗan." Ya ce, "To, haka za ki saki kuloci, kina ƙara mai kaɗan kaɗan." Wallahi sai ga babur ya tafi da ni sumul.

Ran kwana na uku labari ya bazu. Yara suka yi dafifi a bakin fili, har da 'yan ajina, suna cewa, "Malama za ta faɗi!" Kunya ta rufe ni. Maimakon in dubi gabana sai na zuba musu ido. Ai kuwa babur ya miƙe sosai ya nufe su, kamar an kira shi. Na firgita, na damƙe birkin gaba cikin rairayi, tayar gaba ta zame, sai ga ni ƙasa. Salansa mai zafi ta lasar mini ƙwauri, har yau tabon yana nan. Da Yaya ya ɗaga babur sai na ga fuskarsa ta sake. Ashe bakin mayafina ya naɗe a sarƙa. Da gudu nake yi, da wuyana zai shaƙe.

Na yi mako guda ina jiyya, na rantse ni da babur har abada. Amma ran Litinin da na koma aiki, na sake yin latti. Na tarar 'yan mata sun share aji, sun goge allo, sun zauna shiru suna jirana. Na ji kunyar da ta fi ta filin Idi. Da yamma na ce wa Yaya mu koma.

Kafin in hau ya ce, "Ba yaran nan suka kā da ke ba, idonki ne. Babur ido yake bi. In kika dubi rami, rami za ki faɗa. In kika dubi masu dariya, kansu za ki hau. Dubi inda kike so ki je." Ya jera duwatsu shida, na yi ta zagaya su, ina juya kai wajen da zan bi. Bayan mako uku na daina faɗuwa.

To, 'yar'uwa, in ke ma larura ta kai ki, ga abin da zan gaya miki. Ki koya a fili, wurin mai haƙuri, ba a kan titi ba. Ki kama birki biyu tare, a hankali, kuma kada ki damƙi na gaba cikin rairayi ko kina cikin kwana. Ki tattare mayafi ko hijabi ki zauna a kansa, ki sa wando a ƙarƙashin zane, da takalmi mai rufe ƙafa. Ki sa hular kwano ta ƙwarai, ki ɗaure igiyarta. Da aka tsananta dokar hular ran 1 ga watan Janairu 2009, har an ga masu kifa ƙwarya a kai don su tsere wa kamu, amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Sa'an nan ki nemi lasin na aji A, shi ne na masu babur.

Yanzu ina isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa. Har yanzu in na wuce bakin kasuwa akwai masu nuna ni, akwai masu cewa abin da suka ga dama. Ina jinsu, amma ba na dubansu, domin na riga na san inda kallon mutane yake kai mai babur. Inna kuwa, ita ce yanzu take cewa in sauke ta gidan biki.

Allah ya kiyaye mana hanya, amin. Haza wasalam.