Ɗalibin Mirriya da Jami'ar da Ta Zo Ƙofar Gida

Kafin shekarar 2010, yaron Mirriya da ya ci jarrabawar bakaloriya, wadda ɗalibai ke taƙaita sunanta su ce bak, kuma wadda ita ce ƙofar shiga karatun gaba da lise, wato babbar sakandare, a tsarin ilimin Nijar, ba shi da wata cikakkiyar jami'ar gwamnati da zai nufa a cikin ƙasar sai ta Yamai, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1970, daga baya aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai tazarar kusan kilomita 900, saboda haka wanda ya tafi ya tafi ke nan sai babban hutu, iyaye kuma sukan cire shi daga lissafin aikin gona da hidimar gida na tsawon shekara. A 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta kafa jami'o'i uku a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a kan harsashin cibiyoyin koyar da fasaha da aka riga aka buɗe a waɗannan garuruwa, sannan a 2014 aka ƙara huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Damagaram ita ce a yau ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen garin, wanda ya rubuta littafi kan masarautar Damagaram a ƙarni na 19 da wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun, ya kuma rasu a 2022.

Da zuwan wannan jami'a, tafiyar da ke cin yini guda cur a mota ta koma ta kilomita kusan 18 a kan babbar hanyar da ta bi ta Gure zuwa Difa. Babu mai musun cewa an samu sauƙi, domin da yawa daga cikin ƴaƴan manoma da masu ƙaramar sana'a da ke zaune a azuzuwan jami'ar yau, da Yamai ce kaɗai mafita, da karatunsu ya tsaya a bak. Amma kusancin ya zo da wani nauyi wanda ba a cika magana a kansa ba, wato ɗalibin da gida bai yi wa nisa ba gida bai sake shi ba, kuma rayuwarsa ta yau da kullum tana tafiya ne a ƙarƙashin lokuta uku da ba sa jituwa: lokacin jami'a, da lokacin biyan kuɗin tallafi, da lokacin gida, wanda damina da kasuwa da biki da rasuwa ke tsarawa.

Mirriya tsohon gari ne na ƙasar Sosebaki, wadda ta haɗa da Dungas da Waca, kafin Damagaram ta mamaye yankin a ƙarni na 19, kuma har yanzu an fi saninta da abubuwa uku: garake masu mangwaro da kayan lambu, da tukwane da tulunan da mata ke ginawa, da kasuwar Lahadi. Wannan kasuwa ita ce ke tsara makon ɗalibi fiye da yadda jadawalin darussa ke yi. Wanda mahaifinsa ke da garka, ko mahaifiyarsa ke kai tukwane kasuwa, ya san cewa ranar Asabar da yamma ana sa ran ganinsa, ranar Lahadi kuma yana tsaye a bakin kaya, ko da kuwa yana da jarrabawa safiyar Litinin. Da la'asar sakaliya, lokacin da kasuwa ta fara watsewa, a tasha ake gane su: jaka a baya mai ɗauke da takardu, a hannu kuma buhun leda da uwa ta ɗaure bakinsa da tsumma, ciki akwai garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshiyar kuka, wani lokaci da ɗan curin fura a cikin roba, wanda dole a sha shi kafin Talata don kada ya yi tsami. Wannan guzuri shi ne tallafin da ba ya makara, kuma shi ne dalilin da ya sa abokan ɗaki ƴan Tanut ko Ngigmi, waɗanda gidajensu ke nesa, suke ɗokin dawowar ɗan Mirriya fiye da yadda suke nunawa.

A gida, ɗalibi ya riga ya zama babban mutum tun kafin ya riƙe takardar shaidar komai. Shi ake kai wa takardar magani ya karanta, shi ke cike takardun neman shaidar haihuwa, shi ke raka dattijo ofis don ya yi masa tafinta, shi ake tambaya ma'anar sanarwar da aka ji a rediyo da Faransanci. Girmamawa ce ta gaske, sai dai tana cin lokaci, kuma tana haifar da zaton cewa wanda ya iya duk wannan ba zai rasa jika ɗaya ko biyu a aljihu ba, alhali sau da yawa kuɗin motar komawa ma rance ne.

A cikin garin Damagaram, matsalar farko masauki ce. Ɗakunan kwanan jami'a, waɗanda ake kira site, suna hannun cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai ta jiha, wato CROU, wadda kuma ita ke tafiyar da resto, ɗakin cin abinci mai rangwame da ake shiga da tikiti. Gadajen site ba sa isar masu nema, don haka wanda ya samu yakan ɗauki abokinsa su raba, wanda bai samu ba ya sauka gidan dangi a unguwar Birni ko Zango, ko kuma su haɗa kuɗi su uku ko huɗu su kama ɗaki ɗaya. Zaman gidan dangi yana da arha amma ba kyauta ba ne, domin baƙon ɗalibi shi ne ɗan aike, shi ne mai yi wa yara bitar karatu da dare. Sai kuma ruwa, wanda tsohon ciwo ne na Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse, ake janyo masa ruwa daga wurare irin su Gogo da Arunguza da Ganaram. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, famfo kan yi shiru da rana ya zo cikin dare, kuma ɗalibin da ke haya yakan zaɓi ɗaya cikin biyu: ya tashi ƙarfe biyu na dare ya jera jarkoki, ko ya sayi ruwa a hannun ƴan ga-ruwa da kuɗin da ya ware wa takardu. Lantarki ma haka, musamman tsakanin Agustan 2023 da Maris ɗin 2024, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka koma karatu da fitilar waya da neman inda za a yi caji.

Karatun kansa yana bin tsarin da ake kira LMD, wato lisans na shekara uku, da masta na shekara biyu, da digirin dakta na shekara uku, kowace shekara kuma an raba ta zango biyu, kowane zango yana da maki 30 na darussa da ɗalibi zai tara kafin a ce ya kammala shi. A fannonin da ke da cunkoso, musamman adabi da ilimin zamantakewa, ƴan shekarar farko sukan cika amfi, babban zauren lacca mai hawa-hawa, har wanda ya makara ya tsaya a bakin taga, kuma wannan ne ke hana ɗan Mirriya yin jeka-ka-dawo kullum duk da gajartar hanya, domin motar da sai ta cika take tashi ba ta san ƙarfe takwas ba. Littattafai kaɗan ne kuma da tsada, saboda haka ilimi yana yawo ne a cikin takardun darasi da malami ke bayarwa a kai wa mai fotokofi, da kuma hotunan allo da na littafin wanda ya fi kyawun rubutu, waɗanda ake turawa a zauren WhatsApp na aji. Wakilin aji, wanda shi ke sanar da cewa malami ya ɗage darasi ko ya matso da shi, ya fi kowa muhimmanci a wayar ɗalibi, kuma wanda kuɗin intanet ɗinsa ya ƙare yana iya biyan mota daga Mirriya ya tarar da zaure babu kowa.

Akwai wani aiki da ɗalibai ke yi kullum wanda ba ya cikin jadawali, shi ne juya darasi zuwa Hausa. Malami ya yi bayani da Faransanci, jarrabawa da Faransanci za a rubuta ta, amma da yamma, a ƙarƙashin bedi ko a kan tabarma a ƙofar ɗaki, wanda ya fahimta yana warware wa saura da Hausa, kalmomin fanni kawai ake bari yadda suke. Dokar sake gina ƙasa da aka zartar a Maris ɗin 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma a wajen waɗannan ɗalibai Hausa ta daɗe da zama harshen fahimta, abin da ta rasa shi ne littattafan lissafi da likitanci da labarin ƙasa da za a jingina da su.

Maganar kuɗi ita ce ke cin rabin hirar ɗalibai. Hukumar ANAB ce ke ba da burs, wato tallafin karatu ga waɗanda suka cika sharuɗɗan maki da shekaru, akwai kuma taimakon jin ƙai na shekara-shekara ga wasu daga cikin waɗanda ba su samu burs ba. Abin da ya fi damun masu karɓa shi ne jinkiri, domin kuɗin sukan taru watanni kafin su fito, kuma ranar da suka fito sun riga sun zama na mai shago da mai ɗaki da mai fotokofi, abin da ya rage kuma akwai ƙanne da ke jiran takalmi. Shi ya sa da wuya a samu ɗalibin da ba ya da wata sana'a a gefe: wani yana koyarwa a makaranta mai zaman kanta, wani yana bin gidaje yana yi wa yara darasin yamma, wani yana karɓar babur ya yi kabu-kabu bayan magariba, yana fatan kada ya ɗauko malaminsa. Ɗalibai mata sukan sayar da turare ko atamfa ko awara, kuma nauyinsu ya fi na maza ta wata fuskar, domin kusancin jami'a shi ne ya sa iyaye da yawa suka yarda ƴarsu ta ci gaba, amma shi ne kuma ya sa masu neman aure da masu tambayar yaushe za a gama ba sa nisa da ita, wadda ta yi aure kuwa tana haɗa girki da goyo da bitar jarrabawa.

Lokacin jami'a shi ne mafi rashin tabbas a cikin ukun. A takarda shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare kafin damina ta yi nisa, amma yajin aikin malamai, irin wanda ƙungiyarsu ta SNECS ta yi ta yi a 2018 da 2019 kan yadda ake naɗa shugabannin jami'o'i, da ƙaurace wa azuzuwa da ɗalibai ke yi saboda bashin burs ko rufe resto, da ƙarancin malamai wanda ke sa a jira wani ya zo daga Yamai ya dunƙule darasin zango guda cikin ƴan kwanaki, duk sukan sa shekara ta hau kan shekara. Lisans ɗin shekara uku sai ya ci huɗu ko fiye, jarrabawa kuma ta faɗo a Agusta, daidai lokacin da hatsi ke buƙatar maimai, uba yana duban hanya. Ɗaliban Nijar suna da tarihin gwagwarmaya da suke alfahari da shi: ƙungiyarsu ta USN tana nan tun 1960, kuma harbin da aka yi wa masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, inda ɗalibai uku suka rasu, yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda André Salifou ɗin nan ya shugabanta. Ana tuna ranar kowace shekara. Sai dai ɗalibin da ke lissafin mudun garin da ya rage masa yana kallon kowane sabon yaji da zuciya biyu, ya san haƙƙinsa ake nema, ya kuma san shi zai biya da watanni.

Tunanin da ya fi nauyi yakan zo ne a fada, wato majalisar samari inda ake dafa shayi a ƙaramar buta a kan gawayi, ana zagayawa da kofi ɗaya. A fadar Mirriya ɗalibi yana zama da tsaransa da suka bar makaranta tun koleji, wani ya je Libiya ya dawo ya sayi babur, wani yana fataucin kaya daga Kano ya yi aure har da ƴaƴa biyu, shi kuwa ana ce masa mushe, wato malam, cikin raha, kuma shi ne ba ya iya sayen sukari. Ya san abin da ke jiransa bayan digiri: hidimar ƙasa ta shekara biyu idan an samu gurbi, ko koyarwa ta kwantiragi, wadda kaso mai yawa na malaman ƙasar ke kanta, ko jiran gasar ɗaukar ma'aikata da dubbai ke rububi, ko neman shiga matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin Damagaram, wadda ba ta iya ɗaukar kowa sai kaɗan daga cikin masu buri. Waɗanda suka karanci aikin lafiya sun fi saurin samun abin yi, tun suna koyon aiki a babban asibitin Damagaram, amma su ma wurin zama na dindindin sai an jira.

Duk da haka, kowace shekara sababbin masu bak daga lise na Mirriya suna kai takardunsu, kuma wani abu yana canjawa a hankali wanda tsofaffin ɗaliban Yamai ba su samu ba. Mai karatun labarin ƙasa ko ilimin zamantakewa, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, yana iya ɗaukar garakan garinsu ko ginin tukwane ko ƙarancin ruwa a matsayin abin bincike, ya yi tambayoyinsa da Hausa a wajen mutanen da suka san kakansa, ranar Lahadi bayan an kwashe kaya, sannan ya koma ɗaki ya mayar da amsoshin zuwa Faransanci domin malaman da za su ba shi maki.