Jariran da Kuka ke Riƙe da Ransu

A shekarun da na yi ina aikin unguwarzoma, kukan jariri shi ne albishir a ɗakin haihuwa. Amma akwai jariran da in ba kukan ba, babu numfashi. Da zarar sun yi shiru ko sun kama nono, sai leɓe ya yi shuɗi, ƙirji ya riƙa lotsawa. Su tsanyara kuka, launi ya dawo. Su lafa, ya sake ɗaukewa.

Wata tsohuwar sista ce ta warware mana. Jariri a makonnin farko ta hanci yake numfashi, ba ya buɗe baki sai kuka ya tilasta shi. To, wani ana haihuwarsa da can ƙuryar hancin, inda ya haɗu da maƙogwaro, a toshe da ƙashi ko tantani. Akan samu ɗaya cikin haihuwa 5,000 zuwa 8,000, kuma ya fi yawa ga 'ya'ya mata.

Kayan gwajinmu ba su taka kara sun karya ba. Mu kara 'yar auduga a ƙofar hanci mu ga ko za ta motsa, ko madubi mu ga ko zai yi tururi. Sannan siririyar roba. "'Yan mata," in ji sista, "ku tura ta a hankali. In ta cije a hanci biyun, ku sa masa robar baki, ku kira likita." Robar bakin nan ita ke riƙe da yaro, ana ba shi nono ta bututu, har a kai shi babban asibiti. Yanzu hoton Si-Ti ke nuna kaurin toshiyar, likitan hanci ya shiga da 'yar kyamara ta ƙofar hanci ya huda. Wani sa'in wurin yakan sake tsukewa, a maimaita. Akan kuma duba zuciya da ido da kunne, don larurar kan zo da 'yan rakiya.

Mai toshiyar gefe ɗaya kuwa yakan yi shekaru yana majina ta hanci guda, ana ta ɗirka masa maganin mura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na haihuwar gida, da akan ce beli ne a kira wanzami. Iyaye mata da ungozomomi, jaririn da ke yin shuɗi a kan nono ya farfaɗo da kuka, a kai shi asibiti a ranar.