Lambar Bama a Ƙasan Adaka

A wani gida a Kurfi, wata dattijuwa tana ajiye da lambar mahaifinta a ƙasan adaka, naɗe cikin tsumma. Tauraro ne mai tsini shida, irin wanda Ingila ta ba waɗanda suka yi yaƙin Bama tsakanin 1941 da 1945. Mahaifin nata, in ji ta, bai taɓa harbin kowa ba. Aikin jinya ya yi a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta ratsa kwarin Kaladan a 1944. Yana wanke rauni, yana ba masu zazzaɓi magani, yana ɗaukar wanda ya kasa tafiya.

Tarihin jinyar soja ya adana sunan Florence Nightingale da yaƙin Kirimiya na 1854, ya kuma adana lambar Royal Red Cross da Sarauniya Biktoriya ta kafa a 1883 domin mata ma'aikatan jinya. Shi kuwa wannan bawan Allah, ko a bayan lambarsa babu sunansa, domin haka aka raba taurarin wannan yaƙi.

Bayan dawowarsa, har daga Dutsin-Ma ake kawo masa masu gyambo. Makaɗa sun wasa mazan fama, mai ɗaurin rauni bai samu kirari ba.

Yau 'yarsa kaɗai ta san labarin. Wani jikanta ya taɓa tambayarta nawa maƙera za su sayi ƙarfen. Ta haura tamanin, kuma har yanzu babu manazarcin da ya zauna a gabanta da alƙalami.