Na yi saurin guɗa ranar da Mubarak ya sauka

Na taɓa rubuta cewa Masar ta kuɓuta, kuma da zuciya ɗaya na rubuta. A daren 11 ga Fabrairu, 2011 ne Umar Sulaiman, mataimakin shugaban ƙasa, ya fito a talabijin ya ce Hosni Mubarak ya ajiye mulki, bayan kwana 18 matasa suna cike da Dandalin Tahrir. Tunisiya ta riga ta kori Ben Ali a watan Janairu, sai na ɗauka magana ta ƙare.

A cikin sanarwar nan akwai abin da kunnena ya ji amma hankalina bai kama ba: an miƙa ƙasar ga majalisar ƙolin sojoji, ƙarƙashin Tantawi, mutumin da ya yi wa Mubarak ministan tsaro kusan shekara 20. Ni kuwa yawan jama'ar dandali da zafin Facebook suka ɗauke mini ido. Ban tambayi wa ke riƙe da bindiga ba, wa ke da kotu, wa ke da mutane a ƙauyuka ranar ƙuri'a. Masu karatu sun amince da ni, na ba su murna maimakon bayani, kuma wannan yana damuna har yau.

Amsa ba ta yi nisa ba. A watan Maris, yawancin matasan juyin suka ce a ƙi gyaran tsarin mulki, ƙuri'ar raba-gardama ta amince da shi da kusan kashi 77 cikin ɗari. A zagaye na biyu na zaɓen 2012 ba su da ɗan takara. Mursi na 'Yan Uwa Musulmi ne da Ahmad Shafik, firaministan Mubarak na ƙarshe. Mursi ya ci zaɓen, amma ranar 3 ga Yuli, 2013 Janar Sisi ya hamɓarar da shi, aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'a, kafin shekarar ta fita Ahmad Mahir na ƙungiyar matasan juyi ta 6 ga Afrilu yana kurkuku.

Da Bashir ya faɗi a Sudan cikin Afrilun 2019, abin da na fara dubawa shi ne hannun da mulki ya koma. Matasan Khartum ma sun duba: suka ƙi tashi daga ƙofar hedikwatar soja har sai an ba farar hula mulki. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa su da harsashi, a Oktoban 2021 kuma Janar Burhan ya rushe gwamnatin haɗakar soja da farar hula da jininsu ya samar.