Fitilar Hawainiya



Duk wanda ya ga kejin hawainiyata, tambayarsa ɗaya ce: "Wai har ƙwan fitila ka saya mata?" Eh, har biyu ma. Ɗaya na ɗumi, ɗaya na hasken UVB, kuma na biyun nan shi ne ranta.

Da wannan haske ne fatarta ke haɗa bitamin D3, wanda in babu shi kalsiyam ɗin abincinta ba zai amfane ta ba. Sai ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, har ta kasa riƙe reshe. Ajiye ta jikin taga ba ya magani, domin gilashi na tare UVB. Shi kansa ƙwan, ƙarfinsa na raguwa bayan wata shida zuwa shekara, alhali a ido yana haske kamar sabo. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Kejin na raga ne, dogo, cike da rassa da ganye. Ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da na fesa a ganye. Awa 12 haske, awa 12 duhu. Ranar da aka ɗauke wuta, in fitar da kejin da hantsi, rabinsa a inuwa.

Tsakar kiwo kuwa, mai ɗigo-ɗigon nan 'yar asalin Pakistan da Afganistan, ta fi buƙatar maɓoya da gefe mai ɗumi. Ita kam Inna ta ce ko da wasa kada in shigo mata da ita gida.