Ba Tauri Baffa Ya Ci Ba

A ƙasarmu, daga Agye da Gazawa har Gidan Rumji, wanda ya ji rauni bai ce wash ba yabo yake sha. Ko a lakwal, yaron da aka yi wa allura bai yamutsa fuska ba shi ne gwarzon aji ranar nan. Akwai cutar da ke fakewa a bayan wannan yabo.

Baffana manomi ne, bai kai sittin ba. Halinsa ya fara sauyawa: mai kunya ya koma sakin magana gatsal gaban surukai, ga kwaɗayin zaƙi kamar yaro. Aka ce iskoki, aka yi hayaƙi da rubutu. Wata damina hauya ta sare shi a ƙafa, ya ci gaba da noma jini na zuba. Da hunturu ya taka garwashi, ƙaurin ƙuna ne ya ankarar da matarsa. Abokansa na raha wai tauri ya ci a ɓoye. To ɗan tauri ai cewa ake ƙarfe ba ya kama shi. Baffa ya kama shi sarai, zafin ne bai dame shi ba.

An auna, ba kuturta, ba ciwon sukari. Likita a Yamai ya bi tarihin gidanmu, da ya ji kakanmu ma haka ya ƙare, sai ya ce lalacewar gaban ƙwaƙwalwa da gefenta ce. Tun 1892 likita Arnold Pick ya bayyana irinta. Yawanci tana kamawa tsakanin shekara 45 da 65, kuma da hali take farawa kafin mantuwa. Bincike a Turai ya danganta sauyin jin ciwon da talamus, mashigar saƙonnin jiki a tsakiyar ƙwaƙwalwa, musamman ga masu gadon sauyi a ƙwayar halitta C9orf72, wanda aka gano a 2011. Wasu kuma akasin haka ne, ɗan taɓi kaɗan su yi ihu.

Yanzu ba ma tambayarsa ina ke ciwo, amsar kullum “lafiya lau” ce. Matarsa ke duba tafin ƙafarsa da fitila bayan isha, ita ke taɓa ruwan wankansa, kunu ma sai ya huce.

Maganar gadon ce ba mu iya yi a tsakar gida ba tukuna. Likitan ya ce in mahaifi na ɗauke da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne. Baffa ƴaƴansa shida. Babana kuwa ɗan'uwansa ne, uba ɗaya, ni kuma bana na cika arba'in da huɗu.